Zafin Kujera: Nasiha ga Matasan da Aka Fara Damƙa wa Ragama

Ƙannena, maza da mata, da ku nake, musamman ku da aka fara ɗora wa wani nauyi: shugaban ƙungiyar ɗalibai, ma'ajin ƙungiyar matasan unguwa, uwar adashi, amirar Islamiyya, wanda maigida ya bar wa shago da yara, da wadda aka ba riƙon wani sashe a ofis alhali akwai sa'o'in yayyenta a ƙarƙashinta. An yi muku barka, an yi addu'a, wataƙila har da ɗan walima. Abin da ba kasafai ake faɗa muku ba shi ne, daga yanzu akwai wani ƙunci da zai riƙa kwana da ku. Ƙuncin sanin cewa wani yana fushi da kai, kuma kana da ikon kashe fushin nan take, in dai za ka yarda ka yi abin da ka san bai kamata ba. A iya lurata, yawancin shugabannin da suka lalace ba da niyyar ɓarna suka hau ba. Wannan ƙuncin ne suka kasa zama da shi na kwana biyu, suka sayi sauƙin rai da wani abu da ba nasu ba.

Mu Hausawa abin ya fi mana nauyi, don an raine mu da kunya da kara da kawaici. Yaro ba ya kallon tsabar idon babba. In surukinka ya roƙe ka abu, ba ka cewa babu, sai dai ka ce "to, Allah ya hore." In aminin mahaifinka ya yi kuskure a gaban jama'a, kai za ka fara sunkuyar da kai. Ba na raina wannan tarbiyya ko kaɗan, ita ce ta riƙe gidajenmu. Amma ran da aka damƙa maka littafin kuɗin ƙungiya, wani dattijon unguwa ya zo bayan isha'i ya ce a ranta masa daga asusun marayu zuwa ƙarshen wata, karar da za ka yi masa da kuɗin wasu za ka yi ta. Ka ce a'a, gobe ya amsa gaisuwarka a daƙile, jibi labari ya kai gidanku cewa ka fara girman kai. Ka ce to, ka yi barci mai daɗi a daren, shi ma ya sa maka albarka. Wata uku nan gaba, a taron shekara, kai za a tsayar ana tambaya, shi kuwa yana can gefe yana jan carbi.

Ina so in ɗauko muku misali daga wani mutum da kowa ya san sunansa, domin filin jirgin saman Kano da babban asibitin koyarwa na birnin duk sunansa suke ɗauke da shi. Yanzu kowane ɗan siyasa yana so a ce shi almajirin Malam Aminu Kano ne. Yabon da ake yi masa a yau ya rufe wani abu da ya kamata ku sani: yawancin rayuwarsa ta siyasa a cikin rashin nasara da tsangwama ya yi ta.

An haife shi a 1920 a unguwar Sudawa, cikin gidan malamai da alƙalai. Ya yi Kwalejin Kaduna, ya koyar a makarantar Midil ta Bauchi inda ya yi zama da Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya je Jami'ar Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1946. A Arewar wancan zamani, mai irin wannan asali da wannan takarda hanya a share take gabansa. Abin da ake bukata daga gare shi kawai ya iya bakinsa, ya yi gaisuwa inda ake gaisuwa. Amma a ƙarshen 1950, yana koyarwa a Kwalejin Horon Malamai ta Maru, ya ajiye aikin ya koma Kano ya shiga NEPU, jam'iyyar da wasu matasa takwas suka kafa a ranar 8 ga Agustan shekarar. Yana ɗan shekara 30. Ya bar albashi ya shiga cikin teloli da 'yan koli da mahauta da ƙananan malamai, mutanen da ba su da abin ba shi sai kunnuwansu.

Ku tsaya ku auna abin da wannan ke nufi a cikin gida, tun kafin a zo maganar hukuma. Tsarin En'e, wato hukumar gargajiya, da NEPU ta tasa a gaba, da kotunan alƙalai da ake ɗaure 'yan jam'iyyar a cikinsu, ba baƙi ne ke riƙe da su ba. Mutanen da ya taso a gabansu ne, da abokan karatunsa, da waɗanda za su haɗu a wurin suna da jana'iza. Sukar Bature abu ne mai sauƙi, har tafi ake yi maka. Sukar wanda ya san ranar da aka haife ka, wanda kuma gobe za ka durƙusa ka gaishe shi, wannan ita ce ke hana barci. Da yawa daga cikinku a wannan gaɓar za ku fara jin zafin kujera, don wanda za ku fara hana wa abu kusan kullum na gida ne.

Sai kuma faɗuwa zaɓe. A 1951 'yan NEPU sun yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e tana da damar cusa nata mutanen a tsakiya, don haka kafin a kai matakin ƙarshe an tace su tas. A 1954 Malam ya tsaya takarar majalisar tarayya, Maitama Sule ya kayar da shi, shi kuwa Maitama yana cikin mutum takwas ɗin nan da suka kafa NEPU kafin ya koma jam'iyyar NPC. A 1956 ya sake faɗuwa. Sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi Legas, a 1964 kuma aka karɓe ta. A 1979 ya nemi shugabancin ƙasa a jam'iyyar PRP ya zo na huɗu cikin mutum biyar. A tsakanin waɗannan shekaru an yi wa mabiyansa bulala, an ɗaure su a kan laifuffuka irin su yin taro ba izini ko ambatar sunan sarki, wasu sun bar garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar, masu tarihi sun ƙirga mata shiga gidan yari har sau 16.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a nan shi ne nauyin da ke kan wanda ake shan wuya saboda maganarsa. Dukan da aka yi wa jikinka kana iya haƙuri da shi. Amma matar wani ta zo ƙofar gidanka da goyo ta ce an kama maigidanta saboda ya bi ka, kuma ba ka da hatsin da za ka ba ta, ba ka da ranar da za ka ce mata wahalar za ta ƙare, a nan ne shaiɗan yake zuwa da shawara mai kama da tausayi: ka sasanta mana, ko don waɗannan bayin Allah. Wani lokaci sasantawar ita ce daidai. Wani lokaci kuma gajiyarka ce ta sa rigar tausayi. Babu wanda zai bambance maka su sai kai, kuma ba a bambance su cikin gaggawa. Shi ya sa nake cewa ku koyi kwana da magana. In an matsa muku lamba a kan ku yanke hukunci yanzu-yanzu, ku ce sai da safe. Da yawa daga cikin abubuwan da ke kama da dole da daddare, gari na wayewa za ka ga ashe tsoron ɓacin ran wani ne kawai.

Kada kuma ku ɗauka tsayawa a kan aƙida na nufin mutum ya ƙafe wuri ɗaya. Malam ya yi abubuwan da suka sa magoya bayansa suka yi ta gunaguni. NEPU ta yi ƙawance da jam'iyyar NCNC, ita kuwa NCNC bayan zaɓen 1959 ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, jam'iyyar da ke gasa wa 'yan NEPU aya a hannu a gida. Sai ga shi a Legas yana zaune ɓangaren gwamnati, a Kano kuma yana adawa. Daga 1967 zuwa 1974 ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin soja ta Janar Yakubu Gowon, da farko na sadarwa, daga baya na lafiya. Mai son ya ce ya sauya sheƙa yana da abin nunawa. Amma a duba abin da ya fito da shi bayan shekara bakwai a kan kujerar da wasu suka gina benaye da ita: ya koma gidansa na Gwammaja, wanda yanzu ake kira Gidan Mambayya yake kuma hannun Jami'ar Bayero, kowa yana iya zuwa ya ga iyakar abin da ya tara. Maganarsa a kan haraji da jangali da 'yancin mata na yin zaɓe da ilimin 'ya'yan talakawa ita ce dai ta 1950. Da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, cikin abubuwan farko da gwamnoninta suka yi akwai soke haraji da jangali, kusan shekara 30 bayan fara kiran.

Wato akwai abin da ake canzawa, akwai wanda ba a taɓawa. Dabara, abokin tafiya, lafazi, lokaci, duk ana iya juya su. Amma kowannenku yana bukatar abu biyu ko uku da ya san ko za a mutu ba zai yi ba, kuma ya san su tun kafin a zo da tayin. Ba zan sa hannu a takardar da na san ƙarya ce ba. Ba zan taɓa kuɗin amana ba ko da niyyar mayarwa. Ba zan kori yaro don na ji haushin ubansa ba. Wanda bai yanke irin wannan tun yana shi kaɗai ba, a gaban jama'a ba zai iya ba, don a lokacin kunya ce ke riƙe da linzami.

A nan dole in ja kunnen wani rukuni daga cikinku, don na san akwai masu karanta wannan suna gyaɗa kai suna cewa ai su dama ba sa munafunci. Akwai mai ɗauka cewa gatsali shi ne gaskiya. Ya dizga babba a gaban yaransa, ya rubuta baƙar magana a Facebook, ya kunyata abokin aiki a taro, in an yi magana ya ce "ni fa haka Allah ya yi ni, ba na ɓoye-ɓoye." Wannan bai jure komai ba. Hasali ma ya zaɓi hanya mafi sauƙi, ya sauke abin da ke ransa a kan wani ya tafi ya sha iska. Abin da ke da wuya shi ne ka je gidan dattijon nan da kanka, ka cire takalmi, ka durƙusa, ka ce "Baba, a yi mini aikin gafara, kuɗin nan ba ni da iko da su," ka saurari faɗansa har ya gama ba ka tanka ba, ka tashi ba ka ba shi ba, gobe kuma ka sake zuwa gaishe shi. Ladabin yana nan, amanar tana nan, kai ne kawai ka sha zafin. "Haka nake" kuwa, sau da yawa magana ce ta wanda ba ya son a gyara masa hali. Ɗan shekara 25 da ya ce ya gama zama abin da zai zama, tausayinsa nake ji.

Iyayenmu sun ce babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa nan zai zuba. Ku lura, ba su ce sharar duk ƙarya ce ba. Cikin abin da za a faɗa a kanku akwai ƙazafi tsagwaronsa, akwai hassada, akwai kuma gaskiya da aka naɗe cikin baƙar magana. Aikinku shi ne ku tona ku fitar da ta ukun, ko da daga bakin wanda ba ya ƙaunarku ta fito. Wannan ya fi wuya a zamaninku fiye da namu, don yanzu ko kansila yana da sojojin baka, kuma waya tana ba ka damar toshe duk wanda ya faɗi abin da ba ka so da danna yatsa ɗaya. Kafin ka ankara ka kewaye kanka da 'yan amshin Shata, kowa "ranka ya daɗe, ai daidai ne." Daɗi kam akwai daɗi. Amma ran da abu zai ɓaci, su ne na ƙarshen sanar da kai, kuma su ne na farkon komawa wajen wanda ya gaje ka. In kana da mutum ɗaya, aboki ko yaya ko matarka ko mijinki, da yake iya cewa "wannan karon ba ka kyauta ba," kuma ka ji ranka ya sosu, to ka riƙe shi da kyau, kada ka hukunta shi da shariya.

Akwai kuma ranar da za ka ji gaba ɗaya ka tsani tafiyar, ka ga waɗanda kuka fara tare sun koma neman abin duniya, ka ce bari in tattara in bar musu. Wannan ba sabon abu ba ne. A wajajen 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga yadda son mulki da dukiya suka fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a, ya bar runduna ya kama hanyar gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya iso Kano mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya tsaya, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu littafin Diya'ul Hukkam, daga baya kuma ya koma wajen yayansa, jagoran jihadin, ya ci gaba da ɗaukar nauyin da ya gudu ya bari. Ban kawo wannan don in ce kada a taɓa ajiye muƙami ba. Malam Aminu ai ajiyewa ya yi a Maru. Akwai wurin da zama cikinsa yake nufin sa hannu a ɓarna, nan kam fita ita ce mutunci. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah: zan tafi ne don an nemi in yi abin da na haramta wa kaina, ko kuwa don na gaji da ganin fuskokin da ba sa yi mini murmushi? In na biyun ne, wanda zai hau bayanka mai yiwuwa ba shi da ko wannan damuwar.

Na bar mafi ɗaci zuwa yanzu, don shi ne wanda ba a shirya masa. Bayan nasarar 1979, PRP ba ta yi shekara biyu ba ta dare gida biyu. Gwamnonin nan biyu, Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna, suka riƙa halartar taron gwamnonin adawa tare da na UPN da GNPP, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi bari, aka kore su. Aka sami 'yan Santsi a ɓangaren gwamnonin, da 'yan Taɓo a ɓangaren Malam. Mutumin da ya yi shekara 30 yana koya wa matasa kada su ji tsoron tambayar na gaba da su, sai ga matasan sun juyo da tambayar kansa, wasu har suna zarginsa da sassauta wa jam'iyyar NPN mai mulkin tarayya. A watan Yunin 1981 majalisar Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa, a lokacin jam'iyyarsa tana fama da kanta. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983, watanni kaɗan kafin zaɓe, Rimi kuma ya yi takarar wannan shekarar a jam'iyyar NPP ya sha kaye a hannun Sabo Bakin Zuwo na PRP.

Har yau in dattawan Kano suka zauna ana musu a kan wa ke da gaskiya, kuma ba ni zan raba wannan gardama ba. Ra'ayina dai shi ne kowane ɓangare ya gaza a abu ɗaya. Matasan sun ɗanɗana mulki, suna da jama'a da kuɗin gwamnati, suka kasa jure zama ƙarƙashin umarnin dattijon da ya share musu hanya. Dattijon da na kusa da shi kuma sun jure bulalar En'e da faɗuwa zaɓe sau da dama, amma jure wa ɗan da ka raina ya ce maka a'a a bainar jama'a ya zo musu da wani irin zafi na daban, aka yi saurin kai hannu ga kora. In har mutum irin wannan abin ya yi masa nauyi, ni da ku ba mu da dalilin ɗauka cewa za mu tsallake cikin sauƙi.

Don haka ku sa rai da ita tun yanzu. Yarinyar da kika koya wa ɗinki za ta buɗe nata shagon a layinku, har ta fi ki kasuwa. Yaron da ka kawo ƙungiya ka tsaya masa ya zama magatakarda zai miƙe a taro ya ce lissafinka bai cika ba. Jikinka zai yi zafi, za ka ji kalmar "butulci" ta taso maka har maƙogwaro, kuma za a sami masu zuga a gefe suna cewa ai ka nuna masa kai ne ka yi shi. Kada ka amsa a wannan zaman. Ka ce an ji, a ba ka zuwa taro na gaba. Ka koma gida ka buɗe littafin ka bi shi layi-layi, da rasit da komai. In yaron ya yi kuskure, ka kawo takardun ka shimfiɗa a gaban kowa ba tare da ka ambaci alherin da ka taɓa yi masa ba. In kuma shi ke da gaskiya, ka faɗa da bakinka a gaban mutanen da ya faɗa a gabansu, ka cike abin da ya ɓata daga aljihunka, sannan ka bar shi a kan kujerarsa ta magatakarda.